Takardar izinin karatu ta Kanada ga ɗaliban Indiya

Takardar izinin karatu shaida ce da ma'aikatar shige da fice ta Kanada, IRCC, ke bai wa baƙon da zai yi karatun da ya wuce wata shida a ƙasar. Daban take da biza. Biza ta shiga ƙasa ce, ita kuwa ta zama ce, kuma sai ɗalibi ya sauka jami'in kan iyaka ke miƙa masa ita hannu da hannu. Tun wajen 2018 Indiya ta sha gaban Sin a yawan masu riƙe da ita. A ƙarshen 2023 ɗalibai baƙi a Kanada sun haura miliyan ɗaya, kusan kashi 40 cikin ɗari kuwa 'yan Indiya ne.

Tarihi

Hanyar ta fara buɗewa sosai a 2009, da aka ƙulla shirin haɗin gwiwa tsakanin ofishin biza na Kanada a Indiya da kwalejojin gwamnati na Kanada. A 2018 aka maye gurbinsa da tsarin gaggawa na SDS. Sharuɗɗansa a fili suke: ɗalibi ya biya kuɗin makaranta na shekarar farko, ya ajiye dalar Kanada 10,000 a bankin can, ya sami maki 6 a kowane sashe na jarrabawar Turanci ta IELTS. Wanda ya cika su kan ji sakamako cikin kwana 20.

Jihar Punjab ta Indiya ce ta fi cin moriyar wannan sauƙi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Sikhawa, mabiya addinin da ya fi rinjaye a jihar, sun fara zama a yammacin Kanada tun farkon ƙarni na 20, ga dangi a biranen Kanada irin su Surrey da Brampton masu tarbar sabon zuwa. A garuruwan Punjab irin su Jalandhar da Ludhiana allunan makarantun IELTS da ofisoshin dillalan biza sun rufe fuskar benaye, wani bisa wani. Iyaye da dama sun jinginar da gona ko sun ci bashi don yaro ya tafi. Abin da suke hange ya wuce difloma ta shekara biyu: a lokacin, wanda ya kammala yana iya samun izinin aiki har na shekara uku, daga nan ya nemi zama na dindindin.

Su ma kwalejojin suna da tasu buƙatar. A 2019 gwamnatin lardin Ontario ta rage kuɗin makaranta na 'yan ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ta kuma hana ƙari, sai makarantu suka koma dogaro da baƙi, waɗanda ke biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Wasu kwalejojin sun ba kamfanoni masu zaman kansu lasisin koyar da darussansu a kewayen Toronto. Nan ne ɗalibai suka fi shan wuya, ga tsadar haya, ga ƙarancin aiki, mutum da yawa a ɗaki guda na ƙarƙashin gida.

A 2023 aka gano cewa ɗalibai masu yawa, galibi 'yan Punjab, sun shiga ƙasar da takardun gurbin karatu na jabu da wani dillali a Jalandhar ya haɗa musu. Jaridu sun ce sun kai 700, hukumomin Kanada sun faɗi adadi ƙasa da haka. Da yawansu sun rantse ba su san jabu ba ce sai bayan shekaru, da suka nemi zama na dindindin. Daga 1 ga Disamba 2023 aka wajabta wa kowace makaranta tabbatar da takardar gurbi kai tsaye ga ma'aikatar. A kakar shekarar kuma dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami kan kisan Hardeep Singh Nijjar, wani ɗan fafutukar Sikhawa da aka kashe a Kanada; Kanada ta janye jami'an jakadanci 41 daga Indiya, aikin biza ya yi tafiyar hawainiya.

Tsauraran matakai sun biyo baya. A Janairun 2024 kuɗin guzurin da ake so ɗalibi ya nuna ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635. Ranar 22 ga watan ministan shige da fice Marc Miller ya sanar da ƙayyade sababbin takardu zuwa kimanin 360,000 a shekarar, tare da sharaɗin wasiƙar amincewa daga lardi. A watan Mayu aka cire sababbin masu fara karatu a waɗancan makarantun lasisi daga samun izinin aiki. Ranar 8 ga Nuwamba aka rufe SDS baki ɗaya, aka kuma rufe takwaransa na ɗaliban Najeriya a rana guda. Nauyin sauyin ya fi faɗawa kan waɗanda suka riga suka ci bashi bisa tsohuwar ƙa'ida.

Yadda ake nema

Ana cike takardu ta intanet. Ana buƙatar fasfo, takardar gurbi daga makarantar da gwamnati ta amince da ita, wasiƙar lardi ga mafi yawan masu nema, shaidar kuɗi da gwajin lafiya a wurin likitan da Kanada ta zaɓa. Kuɗin nema dalar Kanada 150 ne, na ɗaukar hoto da zanen yatsu dala 85, wanda ake yi a cibiyoyin kamfanin karɓar takardun biza na VFS Global. Mai zuwa Quebec sai ya ƙara da takardar amincewar lardin. Dalilan ƙin bayarwa da aka fi ji su ne shakkar kuɗi da shakkar ko mutum zai bar ƙasar idan izininsa ya ƙare.

Aiki lokacin karatu

Tun Nuwamban 2024 an yarda ɗalibi ya yi aikin awa 24 a mako a wajen makaranta. Da can awa 20 ne.

Saɓani

Gwamnati ta ce ƙayyadewar za ta rage matsin gidaje ta kuma kare ɗalibai daga macuta. Kwalejoji sun ce ta jawo rufe darussa da sallamar ma'aikata. Ƙungiyoyin ɗalibai kuwa na ganin an ɗora musu laifin da makarantu da dillalai da larduna suka yi tarayya a kansa.