Ma'anar "ƙungiyar ƙaramar kasuwa" da abin da ke hana ta barin garinta

Mai bibiyar labaran wasannin Amurka ba zai daɗe ba sai ya ji an kira wata ƙungiya da sunan "ƙungiyar ƙaramar kasuwa", kuma galibi abin da ke biyo bayan wannan laƙabi shi ne raɗe-raɗin cewa mai ƙungiyar yana shirin kwashe ta zuwa wani birni. Kasuwa a wannan magana tana nufin yawan gidajen da ke kallon talabijin a yankin da ƙungiyar take, tare da yawan kamfanonin da za su iya sayen talla da attajiran da za su iya biyan kujeru masu tsada a filin wasa. Kamfanin Nielsen, wanda ke auna yawan masu kallo, ya raba Amurka zuwa irin waɗannan kasuwanni 210, New York ce ta ɗaya, Los Angeles ta biyu. A gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka wadda ake rungumar ƙwallon a hannu a ruga da ita, garuruwan da aka fi jingina wa wannan suna su ne Green Bay da Buffalo da Jacksonville da New Orleans.

Wanda ya saba da gasar Firimiya ta Ingila, ko ya san cewa Kano Pillars mallakin gwamnatin jihar Kano ce, zai yi mamakin yadda za a ɗauke ƙungiya sukutum daga garinta kamar an ɗauke shago. Dalilin yana cikin tsarin gasar. A Turai da Najeriya, ƙungiyar da ta gaza faɗawa take yi ajin 'yan dagaji, garin da ke son shiga babbar gasa kuma sai ya gina tasa ƙungiyar ta hauro da ƙarfinta. A NFL babu hawa babu sauka. Gurabe 32 ne kacal, kusan kowanne dukiyar wani attajiri ko wani iyali ne, biranen da ke kwaɗayin samun gurbi kuwa sun fi guraben yawa. Saboda haka birnin da ba shi da ƙungiya hanya biyu gare shi: ya jira ranar da za a ƙara gurabe, abin da ba a sake yi ba tun 2002, ko ya zawarci ta wani garin. Ƙa'idar gasar ta tanadi cewa sai masu ƙungiyoyi 24 daga cikin 32 sun amince kafin a yi ƙaura, amma tun lokacin da Al Davis, mai ƙungiyar Raiders, ya kayar da hukumar gasar a kotu a 1982 ya koma Los Angeles ba da yardarta ba, takwarorinsa suke ɗari-ɗari da tare wa ɗayansu hanya.

Idan aka ce ƙungiya tana fama, ya kamata a tambaya ko fama ne a fili ko a aljihu, domin a NFL waɗannan biyun ba su cika tafiya tare ba. Tun farkon shekarun 1960, a zamanin shugabancin Pete Rozelle, gasar take sayar da haƙƙin nuna wasanninta a dunƙule, ta raba kuɗin daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi, kuma majalisar dokokin Amurka ta halatta hakan da wata doka a 1961. Yarjejeniyoyin talabijin da aka ƙulla a 2021 sun haura dala biliyan 100, rabon kowace ƙungiya daga asusun tarayya kuma ya wuce dala miliyan 400 a shekara, ko ta ci kofi ko ta ƙare a ƙarshen teburi. Ga kuma iyakar albashi da aka kafa a 1994, wadda ta hana mai kuɗi tattare gwanaye duka, ga al'adar bai wa ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi damar fara zaɓar matasan 'yan wasa masu fitowa daga jami'o'i. Da wannan tsari, da wuya ƙanƙantar gari ita kaɗai ta durƙusar da ƙungiya.

Shaidar da ta fi ƙarfi a kan haka ita ce Los Angeles kanta. A 1995 wannan birni, na biyu a girma a ƙasar, ya rasa ƙungiyoyinsa biyu a shekara ɗaya: Rams ta tafi St. Louis, Raiders ta koma Oakland, kuma sai da ya yi shekara 21 babu ƙungiyar NFL. Houston ma, da duk girmanta, ta rasa Oilers wadda ta koma jihar Tennessee a 1997. Abin da ya ja su shi ne filin wasa. Kuɗin da ba a rabawa daidai, kamar na ɗakunan alfarma da kamfanoni ke haya, da na sayar da sunan fili, da na tallace-tallacen cikin gari, a sabon fili ake samun su, don haka duk garin da ya yi alkawarin gina fili da kuɗin haraji ya sami abin jan hankalin mai ƙungiya. Jihar Nevada ta sa dala miliyan 750 daga harajin otal-otal, Raiders ta tare a Las Vegas a 2020. Masu zaɓe a San Diego sun ƙi amincewa da ƙarin haraji don gina fili a Nuwamban 2016, wata biyu bayan haka Chargers ta sanar da tafiyarta.

Labarin St. Louis ya fi sauran ɗaci, kuma a ganina shi ne ya fi nuna inda gizo ke saƙar. Birnin da jihar Missouri sun gina rufaffen fili da kuɗin jama'a, suka kuma sa hannu a kan wani sharaɗi da ya ce dole filin ya ci gaba da zama cikin kashi ɗaya bisa huɗu mafiya kyau a gasar, in ba haka ba ƙungiyar tana da damar warware yarjejeniyar haya. Da sababbin filaye suka yi ta fitowa a wasu garuruwa, sharaɗin ya zama ƙofar fita. A Janairun 2016 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a 30 da 2 suka bai wa Stan Kroenke izinin mayar da Rams Los Angeles, alhali hukumomin St. Louis sun riga sun gabatar da shirin gina wani sabon filin, kuma ba a ma gama biyan bashin tsohon ba. Ƙiyasin mujallar Forbes ya nuna darajar ƙungiyar ta ninka a cikin shekara guda. Birnin ya kai ƙara, aka sasanta a 2021 a kan dala miliyan 790, kuɗi mai yawa, amma ƙungiya ta riga ta tafi.

Garin da ake kafa hujja da shi a duk lokacin da aka yi wannan muhawara shi ne Green Bay a jihar Wisconsin, mai mutane dubu ɗari da 'yan kai, wanda filin wasansa na Lambeau ke ɗaukar kusan mutum 81,000. A farkon tarihin gasar, ƙananan garuruwa da yawa suna da ƙungiyoyi, sai dai ɗaya bayan ɗaya suka rushe ko suka yi ƙaura: ta Decatur ta koma Chicago a 1921, ta Portsmouth ta koma Detroit a 1934. Packers, ƙungiyar Green Bay, ta tsira ne saboda a 1923, da bashi ya kusa cinye ta, 'yan kasuwar garin suka mayar da ita kamfanin jama'a wanda ba na neman riba ba, suka sayar wa mutanen gari hannun jari. An sake yin irin wannan gidauniya a 1935 da 1950 lokacin da aljihu ya sake bushewa, sannan a 1997 da 2011 da 2021 don gyaran fili. Masu hannun jari yanzu sun haura dubu ɗari biyar. Takardar da aka sayar a kan dala 300 a 2021 ba ta kawo wa mai ita riba ko ta sisi, ba a cinikinta a kasuwar hannun jari, kuma an hana mutum ɗaya mallakar fiye da hannaye 200,000. Ma'anar wannan ita ce babu wani mutum guda da zai azurta idan ƙungiyar ta koma babban birni, don haka babu mai dalilin kwashe ta. Duk da haka mutanen yankin sun biya nasu kason, domin a shekarar 2000 sun amince da ƙarin harajin saye da sayarwa don sabunta filin. Abin takaici ga sauran garuruwa shi ne, ƙa'idojin NFL na yanzu sun hana irin wannan mallaka, Packers kaɗai aka ƙyale saboda ta riga dokar.

Hanyar da ta rage wa saura ita ce biya. Buffalo ta daɗe cikin zullumi, musamman a tsakanin 2008 da 2013 lokacin da Bills ke buga wasu wasanninta na gida a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma kowa ya san mai ita, Ralph Wilson, ya tsufa. Bayan rasuwarsa a 2014, Terry da Kim Pegula, waɗanda dama suke da ƙungiyar wasan ƙanƙara ta garin, suka saye ta a kan dala biliyan 1.4. A 2022 jihar New York da gundumar Erie suka amince su zuba dala miliyan 850 a sabon fili, ƙungiyar kuma ta ɗaure kanta da zama na shekara 30. Jacksonville ta bi sahu a 2024 da dala miliyan 775, bayan shekarun da Jaguars ta yi tana buga wasa a Landan kusan kowace kaka, abin da ya sa mutanen garin suka yi ta zargin ana share fagen ƙaura ne. Galibin masana tattalin arziki da suka yi nazarin irin wannan tallafi sun tafi a kan cewa gari ba ya mayar da kuɗinsa ta hanyar ayyukan yi ko haraji. Abin da yake saya shi ne alfahari da haɗin kan jama'a, kuma ko sun kai wannan farashi, magana ce da masu biyan haraji suka fi kowa cancantar yankewa.

Doka ma takan yi rana, ko da yake ba kullum ba. A Maris na 1984, da majalisar jihar Maryland ta fara yunƙurin ba birnin Baltimore ikon ƙwace ƙungiyar Colts, sai mai ita, Robert Irsay, ya sa aka loda kayanta a manyan motoci cikin dare, gari ya waye tana hanyar Indianapolis. Jihar Ohio ta fi dabara. Bayan da Art Modell ya kwashe ƙungiyar Cleveland zuwa Baltimore, ta yi doka a 1996 wadda ta wajabta wa duk ƙungiyar da ke wasa a filin da aka tallafa da kuɗin haraji ta ba da sanarwar wata shida, ta kuma bai wa 'yan gari damar saye. Da wannan doka aka kai ƙara a 2018 lokacin da Anthony Precourt ya so mayar da Columbus Crew, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin wadda muka sani, zuwa Austin. Shari'ar da gangamin magoya baya sun ja lokaci har aka sami masu saye, wato iyalin Haslam da wani likitan ƙungiyar, Pete Edwards. Crew ta zauna, ta kuma ci kofin MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, a 2020, shi kuwa Precourt aka ba shi sabon gurbi a Austin.

A Ingila sau ɗaya aka yi irin wannan ƙaura mai nisa a wannan zamani, kuma har yau ba a daina tsine mata ba. A Mayun 2002 wani kwamiti na mutum uku ya ba Wimbledon, wadda ta doke Liverpool ta ɗauki kofin FA a 1988, izinin komawa Milton Keynes, inda daga baya ta zama MK Dons. Magoya bayanta suka kafa AFC Wimbledon daga can ƙasan ajin 'yan dagaji, suka hauro har suka shiga rukunin ƙwararru a 2011, a 2020 kuma suka koma sabon fili a Plough Lane, unguwar da tsohuwar ƙungiyar ta bari tun 1991. Magoya bayan Rams a St. Louis ba su da wannan tsani, domin ko sun kafa ƙungiya babu matakin da za ta taka ta iso NFL.