Tsofaffin Wasannin Bidiyo a Sababbin Na'urori: Tambayoyi kan Kwaikwayo da Ƙa'idar Shekaru

Mene ne kwaikwayon tsohuwar na'ura, kuma me ya sa ake buƙatarsa?

Kowane wasan bidiyo an rubuta shi ne domin wata na'ura takamaimiya, da irin ƙwaƙwalwarta da hanyar da take fitar da hoto da sauti. Wasan da aka yi wa Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, ko PlayStation ta farko da Sony ya fitar a 1994, ba zai yi aiki kai tsaye a kan na'urar yau ba, domin umarnin da ke cikinsa baƙo ne ga sabuwar ƙwaƙwalwar. Manhajar kwaikwayo ita ce ke shiga tsakani kamar tafinta: tana karɓar umarnin tsohon wasan, ta mayar da shi abin da sabuwar na'ura za ta iya aiwatarwa, kuma dole ta yi hakan cikin saurin da mai wasa ba zai ga jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da ke kan allo ba. Wannan ne ya sa kwaikwayo yake cin ƙarfin na'ura fiye da yadda shekarun wasan za su sa a zata.

Ashe ba kowace sabuwar na'ura ce ke karɓar wasannin wadda ta gabace ta ba?

Ba kowace ba ce, kuma abin ya danganta ne da kusancin ginin na'urorin biyu. PlayStation 5 tana karɓar mafi yawan wasannin PlayStation 4 saboda ƙwaƙwalwarsu dangi ɗaya ce daga kamfanin AMD. PlayStation 3 kuwa, wadda ta fito a 2006 da wata ƙwaƙwalwa mai wuyar sha'ani da ake kira Cell, har yanzu Sony bai kawo wasanninta su zauna a cikin PlayStation 5 ta hanyar kwaikwayo ba. Abin da ya tanada a babban matakin tsarinsa na biyan kuɗin rajista, PlayStation Plus, tun 2022 shi ne a kunna wasan a kwamfutocin kamfanin, a riƙa turo hotonsa ta intanet, alhali wasannin PlayStation ta farko da ta biyu da na PSP ana iya sauke su.

Microsoft ya bi wata hanya. A 2015 ya sanar cewa Xbox One za ta fara karɓar wasannin Xbox 360, duk da cewa ginin na'urorin ya sha bamban, kuma ya riƙa ƙara wasanni ɗaya bayan ɗaya har zuwa Nuwamban 2021, lokacin da ya ce ya kai iyakar abin da lasisi da shari'a da fasaha suka ba shi dama. Nintendo ya fara sayar da tsofaffin wasanninsa ɗai-ɗai a kan Wii a 2006, sannan daga 2018 ya koma tsarin biyan kuɗin rajista na Nintendo Switch Online, inda mai wasa ke samun tarin wasanni muddin rajistarsa ba ta ƙare ba.

Idan fasahar ta samu, me ya hana a dawo da dukkan tsofaffin wasannin?

A ganina fasaha ita ce mafi sauƙi cikin matsalolin. Wasa ɗaya yana iya ƙunsar haƙƙin mutane da dama: kamfanin da ya ƙirƙira shi, wanda ya buga shi, mawaƙan da aka sa waƙoƙinsu, kamfanonin motocin da suka bayyana a ciki, ko ƙungiyoyin ƙwallo da 'yan wasansu. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi na wani wa'adi ne, kuma wasu kamfanonin sun daɗe da rushewa ko an saye su. GoldenEye 007, wanda ya fito a kan Nintendo 64 a 1997, sai a Janairun 2023 ya dawo a hukumance, bayan da kamfanin Rare da ya ƙirƙira shi ya koma hannun Microsoft tun 2002, sunan jarumin kuma yana da nasa masu mallaka daban.

Ga kuma rufe shagunan intanet na tsofaffin na'urori. An rufe na Wii a Janairun 2019, na Wii U da 3DS a Maris ɗin 2023, na Xbox 360 kuma a Yulin 2024. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu.

Shin doka ta haramta manhajojin kwaikwayo da ba kamfanonin suka yi ba?

Dole a raba abu biyu: manhajar da ke kwaikwayon na'ura, da kwafin wasan da ake kunnawa a kanta. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da kamfanin Connectix cewa nazarin yadda PlayStation ke aiki domin gina manhajar da za ta kwaikwaye ta bai saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba. Amma rarraba kwafin wasannin ba tare da izini ba laifi ne, komai tsufan wasan, haka ma karya makullin da kamfani ya sa wa wasansa yana da tasa dokar. A kan wannan batu na makulli ne Nintendo ya kai masu Yuzu, manhajar da ke kwaikwayon na'urarsa ta Switch, kotu, kuma a Maris ɗin 2024 suka amince su biya dala miliyan 2.4 su kuma rufe aikin. Hukuncin na kotun Amurka ne, kowace ƙasa kuma tana da nata tsarin.

Ban da doka akwai ikon mai shago. Microsoft ya toshe irin waɗannan manhajoji a yanayin amfani na yau da kullum na Xbox a Afrilun 2023, Apple kuma ya buɗe musu ƙofar App Store a Afrilun 2024.

To ina ƙa'idar shekaru ta shigo cikin maganar?

Da yawa daga cikin waɗannan wasanni sun girmi hukumomin da ke tantance su domin ƙayyade shekarun waɗanda ya dace su buga su. An kafa ESRB ta Arewacin Amurka a 1994, bayan zaman sauraron ba'asi da majalisar dattawan Amurka ta fara a Disambar 1993 kan wasanni irin su Mortal Kombat da Night Trap. CERO ta Japan ta zo a 2002, PEGI ta Turai kuma a 2003 da matakai biyar: shekara 3, 7, 12, 16 da 18. Duk wasan da ya riga su fitowa, ko wanda bai taɓa shiga wata ƙasa ba, sai an tantance shi da ma'aunin yau kafin ya hau shagon na'urar. Domin sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, an kafa haɗakar IARC a 2013, inda mai ƙirƙirar wasa zai cike tambayoyi sau ɗaya a kan abin da wasansa ya ƙunsa, tsarin kuma ya fitar masa da matakin kowane yanki.

Jamus ce ta fi tsanantawa a Turai. Hukumarta ta kare matasa ta sa Doom cikin jerin abubuwan da aka hana tallatawa da sayar wa yara a 1994, kuma ba a cire shi ba sai a 2011. Daga Nuwamban 2024 shagon wasannin kwamfuta na Steam ya daina nuna wa mazauna Jamus duk wasan da ba shi da matakin shekaru, abin da ya fi shafar tsofaffin wasannin da masu su ba su waiwaye su ba.

Me ya sa Nintendo ya raba wasannin Nintendo 64 gida biyu a kan Switch?

A nan ne kwaikwayo da ƙa'idar shekaru suka yi karo a fili. A tsarin Nintendo Switch Online ba a sauke wasa shi kaɗai; ana sauke manhaja ɗaya ce mai ɗauke da tarin wasannin tsohuwar na'ura, kuma a wurin masu tantancewa wannan manhaja kaya ɗaya ce, wadda matakinta ke bin wasan da ya fi tsanani a cikinta. Da an zuba wasan manya guda ɗaya a cikin tarin, da matakin duka ya tashi, da kuma asusun yaro ya rasa hanyar kaiwa ga Super Mario 64 saboda wani wasan harbi da bai ma nema ba.

Mafitar ita ce manhaja ta biyu. A Nuwamban 2023 Nintendo ya fitar da ta 'yan shekara 18 zuwa sama a Japan, da GoldenEye 007 da Jet Force Gemini a ciki, sannan a Yunin 2024 ya fitar da irinta a Amurka da Turai da Perfect Dark da Turok. Abin lura shi ne GoldenEye 007 ya shiga manhajar kowa da kowa a Amurka, inda matakinsa na 'yan shekara 13 ne, a Japan kuma aka kai shi ɓangaren manya, alhali wasan ɗaya ne ba a ƙara masa komai ba.

Ke nan matakin tsohon wasa yana iya canzawa?

Yana iya hawa, yana kuma iya sauka. Lokacin da wasannin Pokémon na farko suka dawo a kan 3DS a 2016, PEGI ta ba su matakin shekara 12, saboda akwai wani ɗaki a cikinsu da ake buga na'urar caca da tsabar wasa, abin da ba a ɗauke shi da nauyi ba a ƙarshen shekarun 1990. Night Trap kuwa, wanda aka yi ta cece-kuce a kansa a majalisar dattawa har wani jami'in Nintendo ya ce ba zai taɓa hawa na'urar kamfaninsu ba, ya dawo a 2017 da matakin 'yan shekara 13, kuma a 2018 ya hau Switch. Caca ta ƙara nauyi a idon masu tantancewa, tsohon hoton tashin hankali mai dishi-dishi kuma ya rage firgita mutane.

Ta yaya shago yake sanin shekarun mai saye?

Yawanci da ranar haihuwar da aka rubuta lokacin buɗe asusu. Sony da Microsoft da Nintendo duk suna da asusun yara da ake ɗaurawa a ƙarƙashin na babba, inda uba ko uwa ke iya ƙayyade matakin wasannin da za a buɗe, da kuɗin da za a kashe, da lokacin wasa. Raunin tsarin a bayyane yake, tun da yaro yana iya rubuta shekarar da ya ga dama, ko ya ɗauki na'urar alhali asusun yayansa ne a buɗe. Saboda haka wasu ƙasashe suka fara neman hujja. A Birtaniya, ƙarƙashin dokar kare masu amfani da intanet ta 2023, Steam ya fara neman katin bashi na banki a 2025 kafin ya buɗe shafukan wasannin manya, Microsoft ma ya fara tantance shekarun masu Xbox a can.

Wane mataki ne ke aiki a kan mai wasa a Kano ko Maraɗi?

Na ƙasar da aka zaɓa lokacin buɗe asusu. Nijeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa a asusun PlayStation, don haka masu na'urar sukan zaɓi Amurka ko Birtaniya ko wata ƙasa daban. Wanda ya zaɓi Amurka zai ga haruffan ESRB, inda T ke nufin shekara 13 zuwa sama, M kuma 17. Wanda ya zaɓi Birtaniya zai ga lambobin PEGI, kuma duk sabuwar dokar tantance shekaru ta can tana iya riskarsa ko da bai taɓa taka ƙasar ba. Jerin tsofaffin wasannin da zai samu ma yana bin wannan zaɓi, kuma Sony ba ya barin a sauya ƙasar asusu bayan an buɗe shi. Wanda ya sayi na'ura ta hannu da asusun wani a ciki ya gaji ƙasar da shekarun da wancan ya rubuta, saboda haka idan yara za su yi amfani da ita, gara a goge tsohon asusun, babba ya buɗe nasa da ainihin ranar haihuwarsa, sannan ya ɗaura na yaran a ƙarƙashinsa kafin a fara sauke wasanni.