Ka yi odar littafi daga waje aka ce ka biya duti? Ga abin da doka ta ce

Shekaranjiya bayan la'asar ƙanena ya kira ni daga Jega ransa a ɓace, wai littafin kiwon zuma da ya yi oda daga Ingila ya iso Legas, an turo mishi saƙo sai ya biya kuɗi kafin a sako shi. Ko sallamar kirki bai yi ba yake ce min, "Yaya, ba kai kac ce littafi bai da duti ba? To wanga kuɗi na mi na?" Na ce ya kwantar da hankali ya turo min hoton takardar tukuna. Da na buɗe na duba layi-layi, wurin da ake rubuta harajin kwastam sifili ne, ko sisi babu. Abin da ake nema hannunshi kuɗin hidima ne na kamfanin da ya ɗauko saƙon, wato ladan cike takardu da fito da kaya. Kaga abu biyu ne daban, amma mu nan duk kuɗin da aka nema kan saƙo sai mu ce duti, shi ya sa wani ke biyan abin da doka ba ta ɗora mishi ba, wani kuma ya tsaya rigima kan abin da tun farko ya amince da shi ranar da ya danna oda bai karanta sharuɗɗa ba.

Ni mai kiwon tantabara ne a Birnin Kebbi, kuma galibin littattafan da ke bayanin cututtukansu da haɗa jinsi ba a samunsu a kasuwarmu, dole sai daga waje, toh dole ce ta sa na koyi wannan abu.

Kowane kaya da ke ƙetare iyaka yana da lamba a kundin kwastam, kuma lambar ce ake caja ba sunan da kai ka kira kayan ba. Littafin da aka buga don a karanta yana babi na 49, lamba 4901. Najeriya tana aiki da jadawalin harajin bai ɗaya na ECOWAS tun 2015, shi kuma hawa biyar gare shi: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20, da kashi 35 cikin ɗari. Littafin karatu yana hawan sifili. Kuma ba alfarma ba ce wani jami'i ke yi maka, akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Fulorens na Italiya a 1950 ƙarƙashin UNESCO, Najeriya na ciki, inda ƙasashe suka yarda ba za su sa harajin shigowa kan littattafai da jaridu da mujallu ba. Waɗanda suka daɗe a harkar za su tuna 2014, lokacin da aka wayi gari an ƙaƙaba wa littattafan waje harajin da ya kai kashi 62.5, masu ɗab'i da masu shagunan littafi suka yi ca, da wannan yarjejeniyar suka kafa hujja har gwamnati ta janye. Harajin VAT ma, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, littattafai da kayan karatu suna cikin jerin da aka ɗauke wa, sabuwar dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026 ita ma ta bar littattafan ilimi a kan sifili.

Amma fa ga inda Hausarmu ke ruɗa mu. Mu kalma ɗaya gare mu, littafi, na karatu littafi ne na rubutu ma littafi ne. A wurin kwastam ko kusa ba su haɗa hanya ba. Littafin rubutu da dayari da duk wani mai farar takarda a ciki suna babi na 48, kayan takarda ne, akwai haraji a kansu, eksasais na 'yan makaranta ma gaba ɗaya yana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su don a kare masu yin shi a gida. Biro ma yana jerin. Kalanda da katin gaisuwa ba su cin albarkacin littafi, haka nan kundin tallar kaya na kamfani, yarjejeniyar 1950 ɗin da kanta ta cire shi.

Wannan ya fi shafar mu masu sha'awar sana'ar hannu da kiwo, domin littattafanmu ba safai suke zuwa su kaɗai ba. Littafin koyon saƙa ya zo da zare da kwarashi, na zane ya zo da fenti, na lambu ya zo da ƙullin iri, na kamun kifi da mutanen Argungu da Yawuri ke so ya zo da ƙugiya da zaren fatsa. Duk abin da ke cikin kwalin da ba littafi ba, da lambarshi za a duba shi. Iri kuwa matsalarshi ta wuce ta kuɗi, sai da izinin hukumar killace amfanin gona ta ƙasa, in babu za a iya riƙe shi. Mu 'yan tantabara mu sani tsuntsu mai rai ko matacce yana jerin haramci, kar wani ya ruɗe ka a intanet ya ce zai turo maka ta saƙo. Akwai kuma littattafan da ko kyauta aka ba ka doka ba ta yarda su shigo ba: na batsa, na satar fasaha, da wanda ake ganin zai tada fitina ko ya ci zarafin addinin wasu.

Ni kaina na taɓa ƙonuwa a nan. Wasu shekaru baya na yi odar tsofaffin littattafai biyu, mai sayarwar don kyautatawa ya ƙara min ƙullin zoben roba da ake sa wa tantabara a ƙafa, sai ya rubuta a 'yar takardar da ake mannawa bayan kwali cewa kayan tantabara ne, kalmar littafi ba ta fito ba sam. Wannan 'yar takarda ita ake kira CN22, in kayan sun yi tsada ko nauyi a yi amfani da babbar, CN23, kuma ita jami'i ke fara karantawa kafin ma ya yanke shawarar buɗe kwali. Tunda ba a raba farashin littafi da na zobe ba, sai da na kwaso rasit da shaidar biyan kuɗi na banki aka zauna aka rarrabe. Tun ranan duk wanda zan saya wurinshi sai na rubuta mishi: ka sa littattafan da aka buga, guda kaza, farashi kaza, in akwai wani abu ka ba shi layinshi daban.

Kuma don Allah kar ka roƙi mai sayarwa ya rage farashi a takarda ko ya rubuta kyauta ce. Na farko, bayanin ƙarya ga kwastam laifi ne a dokar hukumar ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka yi tun 1958. Na biyu, rubuta kyauta ba ya ɗauke haraji in kayan masu haraji ne. Na uku, in saƙon ya ɓace da abin da aka rubuta za a yi maka lissafi. Littafin da dama can sifili ne, mi za ka ɓoye?

Yadda ake lissafin in har ya kama, ba kan kuɗin kayan kaɗai ba ne, ana haɗa kuɗin kaya da kuɗin jirgi da inshora, a juya su naira da canjin da kwastam ke aiki da shi ranar, wanda ke fitowa daga Babban Banki, ba canjin 'yan kasuwa ba. A ce misali ka sayi kayan da ba littafi ba na dala 400, jirgi dala 60, inshora dala 5, ya zama 465. In kayan na hawan kashi 20 ne, duti dala 93. Sai a ɗora VAT kan jimillar kaya da dutin, wato kashi 7.5 na 558, kusan dala 42. Kaga ka doshi dala 135 ke nan, ban da wasu ƙananan caji da ke biyo baya. Mutane da yawa kuɗin jirgin ne suke mantawa, su ga lissafi ya haura su ɗauka an cuce su.

Sai dai an samu sauƙi babba kwanan baya da ya kamata kowa ya sani. Daga 8 ga Satumba 2025, hukumar kwastam ta fara aiki da ƙa'idar cewa ƙaramin saƙo da darajarshi ba ta wuce dala 300 ba, ya shigo ba tare da haraji ba, ko odar intanet ce ko kayan matafiyi. Sharaɗi biyu ne a kai: kar ya zama kayan da aka hana ko aka taƙaita, sannan sau huɗu ne kawai a shekara ga mutum. A ganina wannan mataki ne mai kyau ƙwarai, da yana nan lokacin zoben tantabarata da ban sha waccan zirga-zirga ba. Amma sau huɗun nan shi ne abin lura. In kai mai yawan sayen tarkace ne yau ƙugiya gobe zare, gara ka tara su ka yi oda ɗaya, ka kuma bar rata kar ka je ka tsaya daf da 300, ka lissafa har da kuɗin jirgi don ka kwana lafiya. Littafi zalla kuwa ko ya wuce 300 ko ka yi oda sau goma, lambarshi na nan a sifili. Ƙa'idar dala 300 ɗin kuma harajin gwamnati ta ɗauke, ba ta hana gidan waya ko kamfanin kai saƙo karɓar kuɗin hidimarsu ba, irin wanda ya tada wa ƙanena hankali.

Batun jinkiri kuma, da an ji shiru sai a ce kwastam sun riƙe, alhali sau da yawa saƙon ko Najeriya bai iso ba. Saƙon gidan waya mai araha jira yake a samu gurbi a jirgi, wani ma sai ya yada zango a wata ƙasa. In ya sauka, cibiyar tantance saƙonnin waje da ke Ikeja zai fara shiga, kwastam su duba, sannan a ɗaure shi a jaka ya kamo hanyar arewa, kuma kowa ya san tsakanin Legas da Birnin Kebbi ba nan kusa ba ne, balle a ce Kamba ko Zuru ko Dakingari zai ƙarasa. In ka yi oda a Disamba ka haɗu da cunkoson Kirsimeti, in daga Sin ne a Janairu ko Fabrairu ka haɗu da hutun sabuwar shekararsu. Ka nemi lambar bibiya tun ranar da aka tura, ta gidan waya haruffa 13 ce, baƙi biyu a farko, lamba tara, baƙi biyu na ƙasar da ta turo a ƙarshe. In ta fara da R rajista ce, E na gaggawa ne wato EMS, C kuma babban ƙunshi. In ka duba ka ga an ce an miƙa wa kwastam, ba kamawa ake nufi ba, layi ne kowane saƙo ke bi.

Jinkirin da ya fi ci min rai kuwa ni na jawo shi. Na rubuta adireshi irin namu, unguwa kaza bayan masallacin Juma'a, ban sa lambar waya ba. Na yi ta jira har na fidda rai, ranan dai na ce bari in leƙa gidan waya. Wani dattijo a bayan kanta ya karɓi lambar ya shiga ciki, sai ga shi da ambulan mai ruwan ƙasa duk ƙura ta hau, an rubuta sunana da jan alƙalami a gefe. Ya ce, "Malam, ai wanga saƙo ya kwana biyu nan, mun rasa wa za mu kira." Na ce ranka shi daɗe laifina ne. Da na ƙara sakaci da an mayar da shi inda ya fito, domin ba a ajiye saƙo har abada. Yanzu lambar wayata a layin adireshi nake sa ta, da lambar yanki ta gidan waya mai lamba shida, kuma sunan da ke katin shaidata shi nake rubutawa ba sunan da abokai ke kirana ba, don da katin za ka karɓa.

In aka ce maka akwai duti, ka nemi takardar ƙiyasi ka ga lambar da aka sa wa kayan da darajar da aka yi aiki da ita. Ƙa'ida ita ce a fara da ainihin kuɗin da ka biya, shi ya sa rasit da alat na banki suke da muhimmanci. In ka ga an sa wa littafi lambar da ba tashi ba, dokar 2023 ta ba ka damar ƙorafi da ɗaukaka ƙara, ka rubuta a takarda cikin ladabi ka haɗa da shaidunka, ka fara da ofishin da ya yi ƙiyasin. Don neman ƙarin bayani mu muna da ofishin shiyya a nan Birnin Kebbi, mutanen Gusau da Ƙaura kuma suna ƙarƙashin shiyyar Sakkwato da Zamfara. Harajin kwastam ta banki ake biyanshi a ba ka rasit. Duk saƙon waya da ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum cikin awa kaza ko a ƙone kayanka, ɗan damfara ne, kuma sun fi kama masu jiran saƙo da suka ƙagu.

In kuma saƙon rajista ya yi shiru gaba ɗaya, ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta ba da wata shida daga ranar da aka tura don a shigar da neman bincike, kuma ya fi sauri in wanda ya turo ne ya shigar a gidan wayar ƙasarsu tunda rasit ɗin turawa na hannunshi. Kar ka bari sai wata na biyar, da ka ga lambar ta daina motsi na makonni ka taɓa mai sayarwar. Ƙanena dai ya biya kuɗin hidimar jiya da safe, an ce mishi ya saurari kira daga ofishin kamfanin na Birnin Kebbi, daga nan zan karɓa in ba direban motar Jega ya kai mishi.