Wai menene "makullin gini"?

Duk wanda ya taɓa gini ya san wannan ciwon kan. Ƙofa ɗaya amma ɗan makullinta ya bi hannun birkila, ya bi hannun mai tayil, mai fenti, mai wayarin, kuma ba ka san wa ya kai shi kasuwa aka yanka masa wani ba. Lokacin da yayana ya tare a gidansa sai da ya cire kan makullin ƙofa shida ya sa sabbi, waɗanda ya cire ɗin ko wata uku basu yi ba, wallahi abin ya min ciwo.

To makullin gini shine maganin da masu ƙera makulli suka samo, an fi amfani da shi a Amurka wajen masu gina rukunin gidaje. Ɗan makulli ne na wucin gadi da ake ba leburori, yana buɗe ƙofar lafiya lau har ranar da mai gida zai zura nasa ya murɗa sau ɗaya, daga nan na leburorin ya mutu har abada. Ba a kwance komai ba, ba a kira kowa ba.

Sai ka san cikin makullin kafin ka gane dabarar. Irin wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861, wanda har yau shi ke yawancin ƙofofinmu, akwai wani dunƙulen ƙarfe da ɗan makulli ke shiga ciki ya juya, mu kira shi zuciya. A samansa ramuka ne biyar ko shida, kowanne da fil biyu, na ƙasa da na sama, sifirin na danne su. In haƙoran ɗan makulli suka ɗaga kowane fil har mahaɗarsu ta zo daidai bakin zuciyar sai ta juya, in ɗaya ya kuskure ko da kaɗan ne ta cije.

A makullin gini, cikin rami ɗaya ana saka ƴan ƙananan ƙwallaye kamar ƴaƴan boris, galibi uku, tsakanin fil ɗin ƙasa da na sama. Ɗan makullin lebura yankansa mai zurfi ne a wurin, sai ƙwallayen su cike giɓin su juya tare da zuciya. Na mai gida kuwa bai kai wannan zurfin ba, yana tura su sama su fita daga zuciyar, yana murɗawa wani ɗan rami da aka huda a gefen zuciyar ya zo saitinsu, sifirin ya danna su ciki, shikenan sun zauna. Kuma ramin an yi shi ƙarami da gangan don kada fil ɗin sama ya faɗa. Wannan wurin ne ya fi burge ni gaskiya. In lebura ya dawo da nasa, babu abin da zai cike giɓin, fil ɗin sama ya sauko ya tokare.

Kamfanin Kwikset na kiran nasu Protecto. Shi yasa in ka kwance wani makullin ka ga ƴan ramuka a gefen zuciya babu komai ciki, ba kuskuren ƙira bane.

Abu ɗaya dai, kowace ƙofa sai ka bi ta da naka ka murɗa, wadda ka manta har gobe na leburori yana buɗe ta.