Mene ne gilashi mai launi, kuma me ya haɗa shi da tsohon kabad?

A hotunan gidaje da kayan ɗaki da ake ɗorawa a Facebook da Instagram, sau da yawa za ka ga an rubuta "gilashi mai launi" a ƙarƙashin taga ko ƙofar kabad. Abubuwa uku ake kira da wannan suna a Kano. Akwai baƙi ko shuɗin gilashin da masu aikin alminiyam ke sa wa tagogi don rage rana. Akwai farin gilashi da aka manna wa leda mai zane ko aka shafa wa fenti. Sai na ukun, wanda shi ne sana'ar da ake nufi tun asali: guntayen gilashi kala-kala da ake yankawa ɗaya bayan ɗaya, a harhaɗa su da dalma har su ba da zane.

A wannan na ukun, launin yana cikin jikin gilashin ne. Tun yana narke a wuta ake zuba masa sinadarin ƙarfe. Kobal ke ba da shuɗi mai duhu, baƙin ƙarfe ya ba da kore irin na kwalba, jan ƙarfe kuma ya ba da kore ko ja, gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Akwai wani ja da ruwan hoda da sai an sa ɗan zinariya ake samunsu, shi ya sa suka fi tsada. Don haka ko ka kankare shi da wuƙa launin ba zai fita ba, kuma rana ba ta cinye shi. Leda kuwa, duk wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san ƙarshenta: ta koɗe, gefenta ya ɗaga, ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashi.

Mutane da yawa sun ɗauka kayan coci ne kawai, kuma ba mamaki, don a nan ya fi yin suna a Turai. Babban cocin Chartres na Faransa yana da tagogi sama da 150 irin waɗannan, yawancinsu tun ƙarni na 13. Amma ƙasashen Musulmi ma suna da nasu. A tsohon birnin San'a na Yaman, gidaje na da taga mai siffar rabin wata a saman babbar taga, wadda suke kira ƙamariyya. Su ba dalma suke sawa ba, farar filasta suke sassaƙawa su dasa gilashin a ramukanta. Haka ake gani a tsoffin masallatai da gidajen Alƙahira. Masallacin Nasirul Mulk na Shiraz a Iran, wanda aka kammala a 1888, masu yawon buɗe ido kan yi masa sammako don su ga hasken safe ya zubo kan dardumai ja da kore da ɗorawa. A irin waɗannan wurare ba hoton mutum ake zanawa ba, taurari ne da furanni da layuka masu sarƙewa. A nan gida, Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi, sai dai munduwa da duwatsun ado suke yi. Fallen gilashi mai launi daga waje ake shigo da shi, kuma samunsa ne babbar wahalar mai son koyo.

Hanyar haɗi biyu ce. Tsohuwar ita ce ta sandar dalma mai kwari a gefe biyu, a zura bakin gilashi a kwarin, a liƙe mahaɗa, a cusa kwaɓi ya toshe kafofi. Ita ta dace da manyan tagogi. Ta biyun ta yi suna ne a masana'antar Louis Comfort Tiffany ta birnin New York a ƙarshen ƙarni na 19, inda aka riƙa yin murfin fitila da ita. Ana naɗe bakin kowane guntu da siririn tef na jan ƙarfe mai gam, a jera su a kan zanen, a shafa ruwan liƙi, wato ruwan da ke sa abin liƙin ya kama, sannan a bi da ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo amma wanda ya fi ƙarfi. Abin liƙin yawanci kuza ce kashi 60 da dalma kashi 40, yana narkewa a zafi kusan digiri 190. Masu yi a gida don sha'awa wannan suka fi bi, don tebur ɗaya ya ishe su, idan an yi sa'a akwai wuta.

Yankan ma ba yanka ba ne sosai. Alƙalamin yankan gilashi yana da ƙaramar taya a baki, ka ja layi sau ɗaya, sannan ka karya a kan layin. Miƙaƙƙen layi ba wuya. Lanƙwasar da ta shiga ciki ita ke ɓarnar gilashi, domin tsagar takan bi hanyar da ta ga dama. Shi ya sa sabon shiga da ya ce da dagin Arewa zai fara, ni dai sai in ce ya dakata. Dagi duk lanƙwasa ne. Ya fara da murabba'i da kusurwa uku irin na zayyanar bangon gidajen cikin birni, hannu ya faɗa tukuna.

To ina kabad ya shigo? Kusan kowane tsohon gida a Kano yana da kabad ɗin da Hajiya ta jera samira da tangaran a ciki tun tana amarya, yanzu an tura shi sito, gilashin ƙofarsa ya fashe. Da yawa daga cikinsu katako ne na gaske, maɗaci ko loko, ba irin allon garin katako na yanzu da ke kumbura da zarar ruwa ya taɓa shi ba. Masu sha'awar farfaɗo da tsoffin kaya sukan fara da duba ɓarnar gara, su ƙarfafa mahaɗa da gam, su goge da samfefa suna bin tsawon jijiyar katakon, su shafa mai. Ramin da gilashi ya bari a ƙofa ɗan ƙarami ne, daidai aikin mai koyo, kuma firam ɗin katakon na riƙe shi don kada ya lotsa. Babban falle kuwa nauyinsa kan sa ya yi ciki idan ba a tokare shi da ƙarfe ba.

Akwai abin da nake ganin kuskure ne a nan. Wasu kan kai wa kafinta kabad ya kankare shi tas, ya fesa masa farin fenti mai ƙyalli, ya canja mariƙai, a ce an farfaɗo da shi. Wannan sabon kabad ne da tsohon katako. Farfaɗowa ita ce a gyara abin da ya lalace a bar abin da ke da lafiya, har da duhun da katako ya yi a inda hannu ke yawan taɓawa. Idan za a sa gilashi mai launi a inda da fari ne, a riƙe shi da 'yan sandunan katako da ƙananan ƙusoshi, yadda wanda ya gaji kabad ɗin zai iya cirewa in bai so.

Sai batun dalma, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Ta baki ta fi shiga jiki, ta hannun da bai wanku ba da kuma ƙura. Kada a ci abinci a teburin aiki, kada yara da masu juna biyu su zauna wurin, a yi liƙi a inda iska ke wucewa saboda hayaƙin ruwan liƙin, a wanke hannu da sabulu. Tsohon fenti ma kan ƙunshi dalma, don haka a jiƙa shi kafin a kankare, a rufe hanci. Idan kabad ɗin na ajiye kwanukan ci ne, akwai abin liƙi marar dalma, na kuza da ɗan jan ƙarfe ko azurfa. Ya fi tsada kuma yana son wuta mai zafi, amma shi ya kamata a nema.