Fasahar zamani da gamsuwar marasa lafiya a asibiti

Fasahar da ake nufi a nan ita ce wadda ake ba maras lafiya a hannunsa: manhajar waya da yake duba sakamakon gwajin jininsa, allon gefen gado mai nuna sunan likitansa da lokutan shan magani, da ganin likita ta bidiyo. Gamsuwa kuwa ita ce yadda shi da kansa yake auna kulawar da aka yi masa.

A Amurka lamarin ya shafi kuɗi kai tsaye. Tun 2008 ake bayyana wa jama'a sakamakon tambayoyin HCAHPS, wato tambayoyin auna gamsuwa da ake yi wa maras lafiya bayan an sallame shi daga asibiti, kuma daga Oktoban 2012 Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin ƙasar, ya fara la'akari da makin wajen biyan asibitoci. Tambayoyin na yau da gobe ne. Shin nas ta saurare ka? An yi maka bayanin magani kafin a ba ka? Akwai hayaniya da dare? Saboda haka na'ura ba ta ɗaga maki sai idan ta gyara ɗaya daga cikin waɗannan.

Wani sanannen bincike da aka yi kan ba maras lafiya damar ganin bayanansa shi ne OpenNotes na 2010, inda likitoci 105 a Boston da Seattle da jihar Pennsylvania suka bar mutane kusan 20,000 su karanta abin da aka rubuta a fayil ɗinsu. Likitocin sun yi fargabar tambayoyi za su yi musu yawa, amma hakan bai faru ba, kuma kashi 99 cikin ɗari na marasa lafiyan da suka amsa tambayoyi sun nemi a ci gaba. Daga Afrilun 2021 dokar ƙasar ta hana a ɓoye wa mutum irin waɗannan bayanai ba tare da dalili ba.

Sai dai abin na da nasa cikas. Sakamakon gwajin sankara kan faɗo cikin manhaja irin MyChart da tsakar dare, mutum ya kwana yana juya kalmomin da bai gane ba kafin likita ya kira shi. Wani kuma ƙorafinsa shi ne likita ya duƙufa kan kwamfuta yana buga rubutu, ko ɗago kai bai yi ba. Tsofaffi, da marasa intanet, da waɗanda ba sa jin harshen da aka rubuta manhajar da shi, su ne suka fi ƙarancin amfani da ita.