Za ka kai ƙaramin jirgin ƙasa na wasa wajen baje koli? Ga tambayoyin da ake yawan yi

Mu da ba mu da layin dogo a Damagaram, wa zai tsaya kallo?

Ai shi ya sa ma za a tsaya. Dogo ya iso Kano tun 1911 amma bai ƙaraso nan ba, yara da yawa a Birni da Zango sai a waya suka taɓa ganin jirgi. A Jamus kuwa, birnin Hambug, akwai Miniatur Wunderland, gidan nuna ƙananan jiragen ƙasa irin waɗannan, da aka buɗe a 2001, manya ke biyan kuɗi su shiga kallo.

Wane girma zan saya?

HO ya fi sauƙin samu, wato an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarafan layin milimita 16.5. N ƙarami ne, sau 160, milimita 9, baya cin wuri amma ƙura kaɗan sai ya tsaya cak. Ni dai HO nake ba mutane shawara.

Yaya zan ɗauke shi zuwa wurin?

Kar ka gina layin a falanki ɗaya. Ka sa kafinta ya yanka maka gunduwa gunduwa, kamar tsawon mita 1.2 da faɗin santimita 60, yadda zai shiga adaidaita, a ɗaure da ƙusa mai noti in an isa, kowace waya ka sa mata lamba don ranar baje koli kai yakan ɗau zafi ka manta wacce ke shiga ina. A mahaɗar falankan nan jirgi ya fi gocewa, can za ka fi gwadawa. Ka bar ɗan tsaga tsakanin ƙarafan, zafin watan Afrilu yana sa su miƙe su lanƙwashe.

Ƙura fa?

Ita ce babbar matsalar wallahi, balle da hunturu. Wutar da ke tuƙa jirgin ta cikin layin take bi zuwa ƙafafunsa, volt 12 ne kawai, da datti ya hau sai ya fara tsayawa yana tashi gaban jama'a. A goge layin da tsumma da alkol safe da rana, ƙafafun ma haka, banda takardar goge katako, tana karce ƙarfen datti ya ƙara maƙalewa. In kana son duwatsun Zinder da yashi a gefen layin, tankaɗe yashin, bi shi da maganaɗisu ka cire ɓurɓushin ƙarfe kafin ka manna da gam, in ba haka ba injin zai jawo su ciki.

In aka ɗauke wuta?

Batir ɗin sola da inbata. Ka zo da kan jirgi na biyu, da igiyar da za ka ja tsakanin teburin da hannun yara.